Dirhamin Wasiɗ na Banu Umayya: Abin da Mai Saye Zai Samu da Inda Ake Tafka Asara

Duk mai neman tsohuwar azurfar Musulunci a kasuwannin intanet irin su VCoins da MA-Shops, ko a jerin kayan da gidajen gwanjo na Turai da Amurka ke fitarwa, abin da zai fara cin karo da shi dirhamin Wasiɗ ne, wani tsohon gari a Iraki da dillalai ke rubutawa Wasit. Shi ya fi yawa a cikin kuɗin Banu Umayya, shi ya fi araha, kuma a ganinmu da shi ya kamata sabon shiga ya fara. Sai dai hajar tana da wuraren da take kayar da mai saye. Jabu na nan, amma asarar da ta fi yawa tana zuwa ne daga rashin iya karanta shekara, da sayen wanda aka rage wa baki, da kuma wanke-wanken da ke lalata shi bayan ya iso hannu.

Abin da zai zo maka a ambulan fallen azurfa ne zagayayye, faɗinsa milimita 24 zuwa 28, kaurinsa kamar rabin milimita, nauyinsa tsakanin giram 2.80 da 2.95 idan lafiyayye ne. Ba hoto ko ɗaya a jikinsa. Rubutun Kufi ne zalla, ba ɗigo ba wasali. A tsakiyar fuskarsa layi uku ne: “La ilaha illa Allahu wahdahu la sharika lahu.” A kewayen fuskar an rubuta da sunan Allah an buga wannan dirhami a Wasiɗ a shekara kaza. Juya bayansa, za ka ga lafazin Ƙulhuwallahu a layi huɗu, an fara daga “Allahu ahad, Allahus samad,” a kewaye kuma “Muhammadun rasulullah, arsalahu bil huda wa dinil haƙƙi,” har zuwa “wa lau karihal mushrikun,” lafazin da aka ɗauko daga aya ta 33 ta Suratut Tauba. Can bakin fuskar akwai layukan da'ira da wasu 'yan zobba ƙanana a jere. Yawan zobban da tsarinsu suna sauyawa daga wani zamani zuwa wani, shi ya sa masana ke duba su idan shekara ta goge.

Kafin a zo ga wannan siffa, Musulmi sun yi shekaru da dama suna buga azurfa irin ta Farisa, mai nauyin kusan giram 4, da hoton Kisra a fuska da wurin bautar wuta a baya, sai dai a ƙara “bismillah” a gefe. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 65 zuwa 86 bayan Hijira, shi ya kawar da hotunan. Dinarin zinariya mai rubutu zalla ya fito a shekara ta 77, dirhami ya biyo baya, ya bazu daga shekara ta 79. Gwamnan Iraki, Hajjaju ɗan Yusuf, ya gina Wasiɗ a bakin kogin Dijla wajen shekara ta 83 zuwa 84, aka ba ta wannan suna don tana tsakanin Kufa da Basra. Daga nan gidan buga kuɗinta ya kama aiki har faɗuwar daular a 132.

Abin da ya sa dirhaminta ya cika kasuwa har yau shi ne, a shekara ta 106 Halifa Hishamu ya umarci gwamnansa Khalid Alƙasri ya tattara aikin buga azurfa a Wasiɗ, aka rufe yawancin gidajen bugu na Iraki da gabashinta. Dimashƙ da Ifriƙiyya (yankin Tunisiya ta yau) da Andalus da wasu 'yan wurare sun ci gaba da nasu, amma kuɗin albashin sojoji da harajin ƙasa mai faɗi haka sai ya zama daga gari ɗaya yake fitowa. Gwamnonin lokacin kuma sun tsananta a kan tsarkin azurfa. Malaman tarihi irin su Balazuri sun ruwaito cewa dirhamin Umar ɗan Hubaira, da na Khalid, da na Yusuf ɗan Umar su ne mafi kyawun kuɗin Banu Umayya, har Halifa Mansur na Abbasiyawa ba ya karɓar wani kuɗinsu a haraji in ba waɗannan ba. Awon da ake yi a yau ya gaskata wannan, domin azurfar da ke ciki takan haura kashi 95 cikin 100. Mai saye yana ganin amfanin haka da idonsa: tsarkakakkiyar azurfa ba ta cin tsatsa a ƙasa kamar gaurayayyiya, shi ya sa za ka ga dirhami mai shekara 1,300 haruffansa tsaye cak kamar jiya aka sassaƙa su.

Ga wanda ya yi karatun Risala ko Askari, wannan ƙwayar tana da wata daraja ta daban. Dirhami 200 na nisabin zakka, da dirhami 3 da Malikiyya suka sa daidai da rubu'in dinari a mafi ƙarancin sadaki, awonsu a kan wannan tsarin yake. Dirhami 10 daidai yake da misƙali 7. In misƙali giram 4.25 ne, dirhamin shari'a ya kama kusan giram 2.97, nisabi kuma giram 595. Wanda zai zo hannunka zai ɗan gaza hakan, domin ya sha hannu, kuma tun asali yawancin bugun Wasiɗ yana ɗan ƙasa da wannan adadi. Malamin da ke karantar da babin zakka, in ya ɗora ƙwaya ɗaya a tafin ɗalibi, ya gama rabin bayani.

Yanzu ga babban aikin, wato karanta shekara. Dirhamin Banu Umayya ba ya ɗauke da sunan halifa. Duk inda ka ga dillali ya rubuta “Hisham” ko “al-Walid” a takardar haja, daga shekara ya ciro sunan. Walidu ya yi mulki daga 86 zuwa 96, Sulaimanu 96 zuwa 99, Umar ɗan Abdul'aziz 99 zuwa 101, Yazidu na biyu 101 zuwa 105, Hishamu 105 zuwa 125, sai 'yan gajerun mulkoki na 125 zuwa 127, sannan Marwan na biyu har 132. Ke nan in an yi kuskuren shekara an yi kuskuren halifa, farashi kuma ya sauya.

Shekarar a rubuce take da kalmomi, ba lambobi ba. Ka riƙe fuskar, ka nemi “bismillah” a kewaye, ka bi rubutun kana juya ƙwayar a hankali. Bayan “bi Wasiɗ” sai kalmar “sanata”, sannan ɗaiɗaiku, sannan gommai, sannan ɗari. Misali “hamsin wa tis'in” ita ce 95, “isnataini wa ishrina wa mi'a” ita ce 122. Na shekarun Walidu suna da “fi” kafin “sanati”, na zamanin Hishamu ba su da ita, wannan ma alama ce mai taimako. Inda ƙafa ke zamewa shi ne tsakanin sab'u da tis'u, domin in babu ɗigo kusan siffarsu ɗaya: haƙora huɗu sannan ainu. Ka sa gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo, ka duba wane haƙori ya fi tsawo. In na farko ne ya yi sama sauran ukun suka biyo a gajarce, ta'u ce sannan sinu, wato tara. In ukun farko ne gajeru na huɗu ya ɗaga, sinu ce sannan ba'u, wato bakwai. A gommai kuwa Wasiɗ ta hutar da kai: ba a gina garin ba sai bayan shekara ta 80, don haka duk abin da ya yi kama da sab'in tis'in ne. Dillalin da ya tallata maka dirhamin Wasiɗ na shekara ta 75, ko bai iya karatu ba ko kuma hajar ba ta gaskiya ba ce.

Shekarun da suka fi yawa su ne na 90 zuwa 96 da na 121 zuwa 126. Da su za a fara. Masu son abin da aka buga a zamanin Umar ɗan Abdul'aziz, kuma suna da yawa, su sani shekara ta 100 ce kaɗai ta faɗo cikin mulkinsa daga farkonta har ƙarshenta, domin ya hau a watan Safar na 99, ya rasu a Rajab na 101. Dirhamin wannan shekarar kuwa daga Basra ko Dimashƙ aka fi samun sa, kuma farashinsa ya ɗara na sauran saboda sunan mai zamanin. Don mayar da shekarar Hijira ta Miladiyya, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Shekara ta 122 za ta ba ka 740.

A takardar haja za ka ga wasu lambobi kamar “Album 128” ko “Album 137”, da “Klat” da wata lamba. Lambobin kundayen da masu sana'ar suka dogara da su ne: na Stephen Album ya ba kowane halifa lambar dirhaminsa, 128 ta Walidu ce, 137 ta Hishamu, na Michel Klat kuma ya bi gari-gari da shekara-shekara. Haruffan F da VF da EF matakan lafiyar ƙwaya ne, daga wadda ta sha hannu zuwa wadda kusan ba ta taɓu ba. VF ta wadatar, matuƙar sunan gari da shekara sun fito sarai. Kafin ka biya, ka buɗe Zeno.ru, rumbun hotunan kuɗin ƙasashen gabas ne na kyauta, ka nemo Wasiɗ ta wannan shekarar ka jera hotunan. Salon haruffa da tsarin zobba su yi daidai da na 'yan'uwansa. Kada ka yarda da hoto guda. Sai fuska da baya da nauyi a rubuce, in ba haka ba cinikin biri a sama ka yi.

Idan ƙwayar ta iso, kayan aiki huɗu sun isa: sikelin lantarki mai auna har 0.01 na giram, rula ko ma'aunin faɗi, gilashin nan, da maganaɗisu. Fara da nauyi. Ƙasa da giram 2.70 yawanci yana nufin an zagaye bakin da almakashi an rage azurfa, abin da mutanen da ma suke yi. Shaidarsa ita ce zobban baki sun ɓace ko an yanke su rabi, faɗin kuma ya koma milimita 22 ko 23. Na gaskiya ne, amma bai kai kuɗin cikakke ba, kuma bai dace da mai son nuna awon shari'a ba. Haka wanda aka huda don rataya, ko aka yi wa kunne aka cire daga baya. Ka duba baki da kyau, za ka ga wurin da wuta ta taɓa ya yi santsi ko launinsa ya bambanta. Wani lokaci ana toshe hudar da azurfa a sake zana harafi a kai, to a nan harafin yakan fita daban da maƙwabtansa.

Sama da giram 3.05 kuwa abin tuhuma ne. Dirhamin gaskiya bugu ne: a ɗora fallen azurfa tsakanin hatimai biyu na ƙarfe da aka sassaƙa da hannu, a maka guduma. Yawancin jabu zubi ne, kamar yadda maƙeran fari ke zuba awarwaro. Narkakken ƙarfe ba ya son bin ramin da bai wuce rabin milimita ba, dole mai zubi ya ƙara kauri, sai nauyi ya haura ko ƙwayar ta yi kumburi a hannu. A ƙarƙashin gilashi za ka ga 'yan ramuka kamar na soso a fili tsakanin haruffa, da ƙananan ƙuraje, haruffan kuma sun yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa. A baki akwai layin haɗin gida biyu na zubi, ko sawun zarto inda aka goge shi. Na bugu haruffansa na da kaifi a gindi, wani gefen yakan fi wani fitowa, wani lokaci rubutu ya ninku saboda hatimi ya motsa, bakin kuma yakan yi 'yan tsage-tsage ƙanana. Duk waɗannan ba aibu ba ne a wajen tantancewa. Kuma in mai haja ya baje ƙwaya biyar da suka yi kama da juna har a tsagewar baki da karkacewar bugu, daga uwa ɗaya aka kwafe su, ka bar wurin.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla da kuza da darma ma, saboda haka ƙarfe kawai yake tonawa. Gwajin da ya fi shi shi ne na ruwa. Auna ƙwayar a bushe, a ce ta ba da 2.90. Ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikeli ka mayar da shi sifili. Ɗaure ƙwayar da zare siriri, ka zura ta cikin ruwan ta nutse ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba. Azurfa mai kyau za ta nuna kusan 0.28. Raba 2.90 da 0.28, ka sami 10.4, tsantsar azurfa kuwa 10.49 ce. Jan ƙarfe zai nuna wajen 0.32, kuza wajen 0.40. Gwajin yana da iyaka: a ƙwaya ƙarama haka kuskuren 0.01 yana kai sakamako 10.0 ko 10.7, kumfar iska da ta maƙale a zare ma tana ɓata lissafi, kuma ana iya gauraya darma da kuza su kusanci nauyin azurfa. A maimaita sau uku, a haɗa shi da abin da ido ya gani. Akwai kuma jabun da ake bugawa da sababbin hatimai a kan azurfar gaske, wanda sikeli ba ya kama shi. Maganinsa kwatanta salon rubutu da sayen haja wajen dillalin da ya rubuta cewa zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi duk ranar da aka tabbatar jabu ne.

Abu ɗaya muke roƙon kowa ya bari: jefa ƙwayar a kan siminti don jin ƙararta, kamar yadda ake gwada liyari. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi daga ciki, tana iya darewa biyu a faɗuwa ɗaya. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a miƙar da wadda ta lanƙwashe da yatsa ko filaya. A bar ta yadda ta zo.

Wanki shi ne ɗaya kabarin. Duhun da tsohuwar azurfa ke yi, mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, masu tarawa suna biyan kuɗi a kansa. Toka da lemon tsami da man goge baki da soson ƙarfe duk suna kankare shi, su bar ƙananan ƙarce da gilashi ke nunawa, darajar ta faɗi nan take. In ƙasa ce ta maƙale, a jiƙa a tataccen ruwa na kemis kwana biyu ko uku ana sauya ruwan, a taɓa da tsinken sakace na itace a hankali, a shanya a kan tsumma mai laushi. Kada a ɗauko ruwan batir wajen masu caji, domin wani da asid yake zuwa. In kuwa wani ɓawo ne mai launin toka zuwa shunayya, mai kama da kaki, wanda gishirin ƙasa ke haifarwa, ruwa ba ya cire shi, kuma sau da yawa in an ɓamɓare sai a tarar da rami a ƙarƙashi. Gara a ƙi sayen irin wannan tun farko.

Ta fuskar farashi, shekarun gama-gari a matakin VF galibi 'yan gomman daloli ne. Azurfar da ke ciki ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na oza mai giram 31.1 ba, don haka tarihi kake saye, kuma wanda ke neman ajiyar dukiya ya nemi wata hanyar. A gwanjo ana ɗora lada a kan kuɗin da ka taya, a karanta sharuɗɗa a san nawa ne kafin a ɗaga hannu. Kuɗin aikawa mai rajista zuwa Afirka ta Yamma yana iya kusantar kuɗin ƙwayar kanta, shi ya sa haɗa uku ko huɗu a aike ɗaya ya fi. Sannan a tambayi silsilar mallaka: daga tarin wa ta fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da ita. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1483 na 2003 ya hana cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Iraki ba bisa ƙa'ida ba tun daga 6 ga Agusta 1990, mai lamba 2199 na 2015 kuma ya haɗa da na Siriya. Tsohuwar takardar dillali ko lambar gwanjo da ta zo tare da ƙwaya, a adana ta kamar ƙwayar.

Raunin dirhamin Wasiɗ a matsayin haja shi ne kamanni. In ka tara goma, kalmomi biyu ko uku ne kawai suka raba su, wanda bai karanta Kufi ba zai ga abu ɗaya ne. Mai son ganin suna a rubuce ya ƙara da dirhamin Abbasiyawa na Madinatus Salam, wato Bagadaza, wadda Mansur ya kafa a 145. Su sun cire Ƙulhuwallahu daga baya suka sa “Muhammad rasulullah” a layi uku, daga zamanin Halifa Mahdi ɗan Mansur kuma sunan halifa ya fara bayyana. A nan ma a yi hattara, yawancin abin da ake tallatawa da sunan Haruna Rashid ba sunansa a jiki, wani na ɗansa Amin ne, wani na Ja'afar Barmaki, wazirin Haruna. Na Samaniyawa, sarakunan Asiya ta Tsakiya, daga Samarƙand da Shash sun fi faɗi kuma suna da labarin tafiya mai nisa, domin irinsu ne fatake suka kwasa ta kogin Volga har Suwidin, inda ake tono dirhamai dubbai a tsibirin Gotland. Amma bugunsu sau da yawa ba shi da tsafta, shekara takan fita rabi. A wajen koyon karatu ba wanda ya kai na Wasiɗ fitowa sarai.

Wajen ajiya, a guji ledar nan mai laushi mai warin roba, domin da daɗewa tana fitar da wani maiƙo kore da ke cin ƙarfe. A yi amfani da ƙaramar ambulan ta takarda mara asid, ko gidan roba mai tauri da aka yi don kuɗi, ƙwaya ɗaya a gida ɗaya, a rubuta gari da shekara da nauyi da wurin saye a bayansa. Robar ɗaure kuɗi da ulu da hayaƙin turare suna baƙanta azurfa, a nisanta su. Da damina a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin, a sauya su in sun jiƙa. A riƙe ƙwayar ta baki da busassun yatsu, a kan tebur mai shimfiɗa. Tun a zamanin Hajjaju wasu malamai sun ƙi jinin sa ayoyi a kan kuɗin da mai tsarki da mara tsarki ke taɓawa, har aka riƙa kiran dirhamin “makruha”. Mai ajiye shi a yau ya ba shi wuri a sama, inda yake ajiye littattafansa na addini, ba cikin aljihu tare da makullai ba.